Yadda ake koya wa ɗalibai waƙar da ke ɓoye suna a goshinta

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar Hausa ce a wata ƙaramar sakandare a Tudun Wada, kuma ajina ya haura ɗalibai sittin. Na sa su rubuta irin waƙar nan da in aka bi haruffan farkon layukanta daga sama zuwa ƙasa sai a sami suna ko wata kalma. Abin da suka kawo mini jerin kalmomi ne kawai, babu daɗin ji, kuma kusan duk iri ɗaya. Ta ina zan kama?

Wa alaikumus salam, Malama, sannu da fama da yara. Ko ban ga takardunsu ba na san abin da ke ciki, don na sha karɓar irinsa shekara da shekaru. An ba su ZARIYA, sai suka rubuto:

Zaman lafiya
Albarka
Rahama
Ilimi
Yalwa
Arziki

In ba wannan ba ne, to ƙanensa ne. Kuma ba laifinsu ba ne. An ce su cike gurbi shida, sun cike. Yaro ya ga harafin A tsaye yana jiransa, sai ya miƙa masa kalmar da ta fi kusa da hannu, ita kuwa albarka kullum tana bakin ƙofa. Daga umarnin aka sami matsala, don an fara da harafi, alhali harafi na ido ne, waƙa kuwa ta kunne ce. Mu Zage-zagi bai kamata a tuna mana wannan ba. Aliyu Namangi mai Imfiraji makaho ne, bai taɓa ganin yadda baitinsa ya zauna a takarda ba, amma ga shi har gobe ana rera shi. Saboda haka ma'aunina ɗaya ne a wannan darasi, kuma duk abin da zan faɗa miki daga nan ya samo asali: a rera waƙar ga wanda ya juya wa allo baya. In ya ji daɗinta bai ma san an ɓoye wani abu ba, an yi waƙa. Sunan da ke gefe gyara ne, irin wanda mai ƙosai ke ƙara wa mai saye. Ba shi aka zo saye ba.

Ni a aji waƙar haruffan goshi nake kiranta, yara kuma sun karɓi sunan. Turawa suna ce mata akurostik, daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya tana nufin tsini ko bakin abu, ɗayar tana nufin layin waƙa. Sunan da Larabawa suka ba ta ya fi burge ni: taɗrizi, wato adon zare da allura da ake yi wa tufa. Wannan ɗan cikin Birni ba sai an yi masa dogon bayani ba, don ya tashi yana ganin masu ɗinkin hannu a zaure suna yi wa babbar riga aska takwas. Ki tambaye su, in aikin wuya ya yi kyau amma rigar ba ta shiga jiki, wa zai saya?

Kafin alli ya taɓa allo, ina so ki cire musu tunanin cewa wannan wasan Turawa ne da aka aro. A 1822, ana cikin matsin yaƙi, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da 'yar'uwarsa Nana Asma'u sun yi musayar waƙa a kan ayar "fa inna ma'al usri yusra", aya ta biyar a Suratu Alam Nashrah. Haruffan ayar goma sha huɗu ne, kuma Asma'u ta buɗe kowane baiti nata da harafi guda daga cikinsu, bi da bi, har ayar ta cika. Ki lura da abin da ta yi: ayar tana cewa tare da tsanani akwai sauƙi, waƙar kuma addu'ar neman sauƙi ce. Abin da ke goshi da abin da ke ciki magana ɗaya suke yi. Shehu Ahmadu Bamba na Senegal ma ya yi ƙasidu da yawa a kan haruffan ayoyi. Ishiriniya da yaranmu ke ji a lokacin Mauludi 'yar gidan ce: an jera ƙasidunta bisa haruffan Larabci, kowace tana da baiti ashirin, kuma ainihin baitin Alfazazi, mawaƙin da ya tsara ta, da harafin da ya buɗe da shi yake rufewa. In akwai 'yan Wusasa ko Sabon Gari Kiristoci a ajin, su ma suna da nasu: Zabura ta 119 kashi ashirin da biyu ce bisa jerin haruffan Ibrananci, kowane kashi aya takwas, jimla 176.

Akwai kuma ramzi, wanda marubuta waƙoƙinmu na ajami ke rufe waƙa da shi. A lissafin haruffa irin na Magrib da malamanmu ke bi, shin 1000 ce, ra 200, fa 80. To in mai waƙa ya ce ya gama ta a shekarar "sharafu", ya gaya wa mai hankali 1280 ke nan ta Hijira. Yara suna son wannan ƙwarai, musamman waɗanda suka yi allo. Da sun gane cewa kakanninsu suna ɓoye shekara a cikin kalma, sai su daina kallon darasin a matsayin aikin cike gurbi, su fara kallonsa a matsayin dabara.

Ranar farko kada kowa ya rubuta komai. Ki shiga da kacici-kacici. Ki rera musu wannan, ko wata da kika shirya da kanki, ba tare da kin rubuta ba:

Rashinsa yakan sa a bar unguwa,
Uba da uwa duk suna damuwa,
Wuta in ta gan shi takan bar rawa,
A rani akan kai shi har kasuwa.

Ki ce, mene ne wannan? Ɗan Zariya ba ya buƙatar alama ta biyu, don ya san jarka, ya san kurar ɗan ga-ruwa, ya san famfon da ke tari ba ya kawowa. Za su ce ruwa. Sai a nan ki rubuta ta a allo, ki ce amsar tana cikin waƙar tun ɗazu, wa zai gano inda take? Ki yi shiru, ki bar su su sha wuya kaɗan. Wanda ya fara ganowa zai yi tsalle daga benci, kuma ba zai ƙara mantawa ba. Wannan ya fi ma'anar da za ki rubuta su kwafa sau goma.

Daga nan doka ta farko ta fito da kanta: kalmar da aka ɓoye kada ta bayyana a cikin waƙar. In kalmar RUWA ce, ba a yarda a ce "ruwa" a ko'ina ba. Wannan ƙaramar doka ita ke kashe jerin kalmomi, don dole yaro ya faɗi abin da ruwa ke yi, da inda ake ganinsa, da abin da ke faruwa in babu shi. Kuma tunda na kawo tawa, bari in tona mata asiri: ɗango na biyu, wato layi na biyu, rago ne. "Uba da uwa duk suna damuwa" bai nuna komai ba, ciko ne, harafin U ne ya ja ni na bi shi. Na uku ne ya biya kuɗin sabulu, don an ga wuta tana rawa an ga ta tsaya. Ina faɗa wa ɗalibaina haka ƙarara, in ce wa zai kawo mini U da ta fi tawa. Ba abin da ke buɗe bakin yaro kamar ya ji malam ya yarda waƙarsa tana da rauni.

Rana ta biyu ita ce ta ainihin aiki, kuma a nan nake so ki daɗe. Ki zaɓi kalma mai harafi uku ko huɗu wadda suka sani da hannu da ƙafa: RANI, GIDA, FURA, KAKA, WUTA. Ki rubuta ta a can gefe, ki ce a manta da ita tukuna. Sai ki tambaye su me suka gani da idonsu game da abin. In RANI ne za ki ji ƙura, zafin kwano, kwana a tsakar gida, rijiya ta ja baya, mangwaro, lambun bakin kogin Galma, tumatir ya yi araha. Duk ki zuba a allo yadda suka zo. Wanda ya ce miki "wahala" ko "ni'ima", ki ce wace iri, a ina, wa ya gani? Sai allo ya cika sannan a ɗauki abu guda a yi jimla da shi, jimla ta magana irin wadda za a faɗa wa ƙane a gida. Bayan an sami jimlar ne ake duba harafin da ake bukata, a juya ta har ta shiga ta ƙofar da ake so.

Juya jimla shi ne duk sirrin, kuma Hausa ta yi mana gata a nan, don tana yarda a ɗauko kusan kowane yanki a kai shi gaba. Ɗauki maganar nan guda, cewa da rani ana sayar da ruwa. In A ake so: "A rani akan kai shi har kasuwa." In W ce: "Wani ma yakan kai shi har kasuwa." In I ce: "Idan rani ya yi sai kasuwa." In K ce: "Kasuwa ma da rani tana ganinsa." In H ce: "Har kasuwa rani ke kai shi." Magana ɗaya, ƙofa biyar. Ni nakan ɓata darasi guda cur a kan wannan kaɗai, in ba da jimla, in riƙa kiran harafi, su suna juyawa da baki. Yaron da ya iya wannan ya daina zama bawan harafi. Kuma amfaninsa ba a waƙa ya tsaya ba, za ki gan shi a insha'insu.

Sai kuma wata matsala da ta shafi Hausar boko kanta, wadda littattafan da aka tsara don Turanci ba za su gaya miki ba. Gaɓar Hausa baƙi ne da wasali, wani lokaci da wani baƙin a ƙarshe, saboda haka kusan rabin haruffan kowace kalma wasula ne. Ke nan kusan rabin ɗangwayen waƙar da wasali za su fara. A ba ta da matsala, gidanta cike yake: a, an, ana, akwai, amma, ai, ashe, abin. I ma da dama: in, idan, ina, ita, irin, iska, ido. U ce matalauciya, daga uwa sai uba, uku, unguwa, umarni, uzuri, ungulu, Ubangiji, an kusa gamawa. E da O kuwa sai addu'a. In kin cire "e" ta amsawa da eka, sai oho, oda, ofis, Oktoba, yawanci ma kalmomin aro. Shi ya sa zaɓen kalma aikin malami ne a farko, ba na ɗalibi ba. NOMA kalma ce mai kyau, amma O ɗinta za ta tsayar da aji cik. GERO ta fi ta muni, tana da biyun duka. Ki ajiye su sai hannu ya faɗa. Ranar da kika kawo su, ki nuna musu cewa waƙa tana iya yin tambaya ta amsa da "E", tana iya yin ko-in-kula da "Oho".

Ki kuma tsai da magana tun wuri a kan sh da ts. A abacadan Hausa kowannensu harafi ɗaya ne, saboda haka SHANU ɗango huɗu ne, ba biyar ba, kuma na farkon da sh zai fara, kamar shekara ko shiru, ba da s kawai ba. TSARI ma haka. Haruffa masu lanƙwasa kuwa a nan ne za ki ci riba biyu. In kalmar ƘASA ce, ɗangon farko ba zai fara da "kowa" ba, sai dai ƙura ko ƙauye ko ƙarfe, don ƙasa daban kasa daban, ɗaya ana noma ta, ɗaya tana sara. Haka ɗaki, haka ɓera. Yaran yanzu sun saba da rubutun waya inda ƙ da k duk ɗaya ne, kuma ban sami abin da ke gyara wannan da sauri kamar wannan waƙa ba, don kuskuren a goshi yake fitowa, kowa na gani. A garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, abin kunya ne ɗalibi ya gama sakandare bai san inda ake lanƙwasa ba.

Masu karatun allo za su iya tambayar ki me ya sa ta Nana Asma'u ba ta sha wannan wahala ta wasula ba. Amsar tana hannunsu: a ajami babbaƙu ake ƙirgawa, wato baƙaƙe, ba farfaru ba, wato wasula. Muhammadu a rubutun Larabci harafi huɗu ne, mim, ha, mim, dal, a boko kuwa tara. In kina da 'yan kaɗan da suka iya ajami, ki bar su su gwada ta nan ma.

Yanzu maganar kari, wato ma'aunin da waƙa ke tafiya a kansa in ana rera ta. Kada ki kawo musu aruli, ilimin awon waƙa na Larabawa, da sunayen bahar, wato ma'aunansa, a ƙaramar sakandare, za ki kore su. Abin da suke bukata shi ne murya guda da suka riga suka sani, irin wadda ake rera waƙoƙin Islamiyya da ita, su riƙa ɗora kowane ɗango a kanta suna tafi. Ɗangon da ya ƙi hawa, a rage masa ko a ƙara. Ƙirga gaɓa yana taimakawa, amma bai isa ba, don gaɓar Hausa tana da mai nauyi da marar nauyi, kuma boko ba ya nuna tsawon wasali. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, amma "ga" ta farko gajeriya ce, ta biyu doguwa, kuma a waƙa ba sa zama a mazauni ɗaya. Ido ba zai gaya wa yaro wannan ba, kunne ne zai gaya masa. Ga yadda ZARIYA ɗin nan tasu za ta iya zama in an bi ta wannan hanya:

Zumaina ku zo nan mu hau kan tudu,
A hango garinmu gabas har kudu,
Ruwan Galma na can yana ta gudu.
Idan kun ga rimi a bakin gari,
Yawan shekarunsa yakan kai ɗari,
A gaishe shi kafin a nemi wuri.

Kowane ɗango gaɓa goma sha ɗaya ne, tafiyarsa kuma gajeriya ɗaya, dogaye biyu, irin wadda masana ke kira Mutaƙarab, amma wannan tsakanina da ke ne. Abin da zan so yara su gani shi ne na raba haruffa shida gida biyu, ƙwar uku sau biyu, uku da amsa-amon "du", uku da "ri". Ban tilasta wa kaina amsa-amo ɗaya har ƙasa ba, don bayan tudu da kudu da gudu rumbun ya kusa ƙarewa, kuma da na nace da na shigo da Audu ba gaira ba dalili. Su kuma ga cewa babu inda aka ce birnin ilimi ko garin albarka. An hau tudu, an ga kogi, an ga rimi. Sannan ɗango na huɗu bai gama maganarsa ba sai da ya gangara cikin na biyar da na shida, abin da muke kira saɓi-zarce, kuma shi ne maganin waƙar da kowane layi ke tsaye shi kaɗai kamar baƙi a tasha. Wani yaro ya taɓa ɗaga hannu ya ce, Malam, ana gaishe da itace? Na ce a waƙa ana yi, sunansa mutuntarwa, kuma da wannan tambaya tasa muka ci sauran darasin.

Game da amsa-amo, ki sassauta a makon farko. Harafi a goshi, kari a tsakiya, amsa-amo a ƙarshe, kaya uku ne a kan ɗan jaki guda. Ki fara da ma'ana da harafi, ki ƙara kari, amsa-amo ya zo daga baya. In kin matsa shi da wuri za ki sami layukan da duk suka ƙare da "wa" ko "ya" babu abin da suka faɗa.

Sunayen yara su ne abin da kowane malami ke fara kawowa, ni kuwa na ce a bar su sai ƙarshe, don na ƙone hannuna a nan. Shekarar da na fara, na ce kowa ya yi da sunansa. Ladi ta gama ɗango huɗu ta kwantar da kai a tebur, Abdurrahman yana fama da goma sha ɗaya har aka buga ƙararrawa, ga R biyu jere suna hararar sa. Wata mai suna da harafin V ta zauna tana kallona, don babu shi a Hausa, haka P da Q da X. Tun daga nan nake cewa kowa ya zaɓi sunan da bai wuce harafi shida ba, na yanka ko na rana ko laƙabin gida: Talatu, Jummai, Asabe, Bala, Tanko, Bitrus, Bulus. Abu na biyu ya fi wannan zafi. Da yara suka gane ana iya ɓoye magana a goshi, sai zambo ya shigo. An kawo mini wata takarda, waƙar yabon makaranta ce sumul, amma in ka bi gefe zagin wani ɗan ajin ne. Na hukunta mai ita, ko da yake a raina na san ya fi kowa gane darasin. Ki kafa doka: ba a yi da sunan wani ɗan aji sai da yardarsa, kuma ke ma ki riƙa karanta gefen kowace takarda kafin ki sa a rera ta a gaban jama'a. A manyan azuzuwa kuma ki sa ido, don samari ba su jima ba suke gano cewa ana iya ɓoye sunan yarinya.

Haka in wani ya so ya yi da aya ko sunan Allah ko na Annabi, koyi da magabata ne, ba a hana ba, amma ki karɓi takardun da hannunki ki adana. Kin san inda takardar aji ke ƙarewa.

Ɗalibai sittin ba za ki iya bin kowa ɗaya-ɗaya ba, kuma ba sai kin yi ba. Ki kasa su shida-shida, kowane rukuni ki raɗa masa kalmarsa a asirce. Kuskuren da ake yi shi ne a raba haruffa, kowane yaro ya ɗauki ɗaya ya yi layinsa. Abin da zai fito riga ce da tela shida suka ɗinka ba su ga juna ba. A maimakon haka, su fara yarda da magana ɗaya da waƙar za ta faɗa, su rubuta ta a saman takarda da zance na yau da kullum, misali "fura ta fi daɗi da azahar in an dawo daga gona". Sannan su gina tare. Da an gama, rukuni ya fito ya rera, sauran su canki kalmar daga ma'ana kaɗai, ba su ga takarda ba. Wanda aka canki tasa ya ci. Wanda aka kasa, ya koma ya gyara. A aji za a yi duk wannan, ba aikin gida ba, don yanzu in ya je gida waya zai tambaya, ta ba shi Hausar da ba ta reruwa.

Wajen ba da maki, in goma ne, ni huɗu nake ba ma'ana da yadda ɗangwaye suka riƙe hannun juna, uku ga reruwa, biyu ga hoto ko wata magana da ban zata ba, ɗaya ga ƙa'idar rubutu. Haruffan goshi ba su da maki, sharaɗin shiga ne: in ba su cika ba takarda ta koma. Za ki ga Zazzaganci yana leƙowa, "rigan" a maimakon "rigar", "motan nan" a maimakon "motar nan". A zubin farko ba na taɓa shi, don in ka tsayar da yaro a kan wannan yana tsakiyar neman magana, maganar ta gudu. Sai wajen kwafewa nake sa a daidaita, tunda jarrabawa daidaitacciyar Hausa take nema.

Waɗanda hannunsu ya faɗa, ki sake musu igiya: harafin ya buɗe baiti, ba kowane ɗango ba. Kalma mai harafi huɗu sai ta ba da baiti huɗu 'yan tagwai masu ɗango biyu-biyu ko ƙwar huɗu masu ɗango huɗu-huɗu, kuma a nan ne za ki ga wanda ke da waƙa a cikinsa, don harafi ya daina riƙe masa wuya a kowane numfashi. Wasu za su so su jera abacada tun daga A har Z, ki bar su, amma ki gaya musu E da O da 'Y suna jiransu a hanya. Wanda kuma ya ce zai ɓoye kalma a ƙarshen layuka, ki bar shi ya gwada sau ɗaya, zai gano da kansa cewa yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, ba inda zai sami mai ƙarewa da ɗ ko ƙ.

Ki ba abin darasi huɗu, kada ki matse shi a ɗaya. Ki fara da RUWA ko FURA ranar Litinin mai zuwa, ZARIYA kuwa ki riƙe ta sai na huɗun. In kun gama, ki aiko mini da uku daga ciki, amma kada ki zaɓo waɗanda suka fi tsabtar rubutu. Ki zaɓo waɗanda aji ya nemi a sake rerawa, in kuma an sami wanda ya yi mini maganin U ɗin nan tawa, ki haɗo da tasa.